Zan iya canja famfon mai na cikin tanki da kaina a gida?

Wani malamin makaranta daga Daura ya aiko da tambaya. Motarsa Toyota Corolla ce ƙirar 2005. Ya ce 'yan kwanakin nan in ya kamo hanyar Katsina, motar takan yi tafiyarta lafiya lau har wajen Mashi, daga nan sai ta fara fizga, ya taka totur ba ta amsawa, can sai ta mutu. In ya bar ta ta huce, sai ta tashi kamar ba ita ba. Bakanike ya ce masa famfon mai ne na cikin tanki, kuɗin da aka yanka masa kuma ya fi ƙarfinsa a wannan wata. Yana da 'yan kayan aiki a gida, yana so ya ji ko zai iya sayo famfon ya canja da hannunsa.

Malam, za ka iya, kuma motarka tana cikin waɗanda aka sauƙaƙa wa wannan aiki. An bar ƙofa a ƙarƙashin kujerar baya, daidai saman tanki, ba sai an sauke tankin ba. Duk wanda ya taɓa canja fulogi da batir da kansa, in ya natsu zai ciro famfon ya mayar. Kwancewa da ɗaurewa ba su ne ke damuna ba. Abin da ke damuna shi ne har yanzu ba wanda ya tabbatar maka famfon ne, sannan ga tururin fetur, wanda bai san gwani ba, bai san ɗan koyo ba.

Famfon nan ɗan inji ne na lantarki da ke zaune tsundum cikin fetur. Man da yake turawa ta cikinsa yake bi, shi ke sanyaya shi, shi ke yi masa santsi. In ya tsufa, 'yan gawayin da ke ba shi wuta sun cinye, da sanyin safiya yakan yi ƙoƙari, in ya ɗauki zafi sai ƙarfinsa ya faɗi. Don haka abin da ka bayyana ya yi kama da famfo mai shirin mutuwa, musamman in motar tana kasawa a hawa ko lokacin da kake son wuce tirela. Sai dai akwai abubuwa da dama da ke yin wannan hali sak. Sensar kiranshaf, wadda ke gaya wa kwamfutar mota cewa inji yana juyawa, in ta fara lalacewa, da zafi take yanke wuta, ta huce ta dawo. Rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa famfo wuta, in bakinsa ya ƙone haka yake yi. Kwayil, mai ba fulogi wuta, haka yake yi. Salansar da ta toshe daga ciki ita ma takan shaƙe mota a doguwar tafiya. A nan Katsina na sha ganin mutum ya shigo gareji da sabon famfo a tanki, tsohon yana but lafiyarsa ƙalau, motar kuma tana nan tana mutuwa a inda ta saba. Kuɗin famfo ya tafi, cutar ba a taɓa ta ba.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. Ranar da ta sake mutuwa a hanya, kafin ta huce, ka buɗe murfin tanki. In ka ji iska ta ja ciki da ƙarfi, ka tayar ta tashi nan take, to mashaƙar tankin ce ta toshe, famfon yana ta fama da tanki marar iska ne. Ka duba fis ɗin da aka rubuta EFI a akwatin fis. Ka nemo rile ɗin famfo, wanda Toyota ke rubuta wa C/OPN, in akwai wani mai lamba iri ɗaya da shi ka musanya su ka ga ko halin zai canja. In ta ƙi tashi sam, wani ya riƙa tayarwa kai kuma ka bubbugi ƙasan tanki da tafin hannu ko itace. In ta kama a daidai wannan lokaci, famfon ya tona kansa, gawayinsa ne suka maƙale bugun ya girgiza su.

Ka yi hattara da maganar sauraren kukan famfo. Za a ce maka ka murɗa makulli ba tare da tayarwa ba, ka kasa kunne a kujerar baya, in ba ka ji zuuu ba famfo ya mutu. A Honda wannan gaskiya ne, yakan yi kuka na kamar daƙiƙa biyu ya yi shiru. Amma Toyota da yawa na zamanin motarka ba sa ba famfo wuta sai inji ya fara juyawa. Mai Corolla da ya saurara bai ji komai ba, ya ruga kasuwa, ya yanke wa famfo hukunci ba tare da laifi ba.

Daga nan sai mitar auna wuta. In ba ka da ita, kowane ɗan rewaya yana da ita. A ɗaga kujerar baya, a auna wutar da ke isa soket ɗin famfo lokacin da ake tayarwa ko inji yana aiki. Ya kamata ta yi kusa da abin da mitar ke nunawa a kan batir ɗin kansa. In batir yana ba da bolt 12 da ɗoriya, famfo kuma yana samun 8 ko 9, matsalar tana cikin waya, ko rile, ko wayar da ke komawa jikin mota, sabon famfo ba zai warkar da ita ba, shi ma kashe shi za ta yi. Ka zare soket ɗin ka duba shi da kyau a haske. Lafiyayye haƙoransa fari tas suke. Wanda ya ci wuta za ka ga haƙori ɗaya ya yi baƙi, robar da ke kewaye da shi ta narke ta zama ruwan ƙasa, tana ɗan ƙauri. Irin wannan soket da zafi yake saki. Littafin Toyota ya ce in an auna tsakanin haƙoran famfon biyu a samu om 0.2 zuwa 3 (om shi ne ma'aunin turjiyar waya ga wuta), in mita ta nuna a yanke yake, ya tafi.

Amma alƙalin da ba a ɗaukaka ƙara a kansa shi ne agogon auna firesha, wato ƙarfin turin mai. Injin motarka yana son mai ya iso nozul, wato bakin da ke fesa wa inji mai, da ƙarfin 44 zuwa 50 a layin da aka rubuta PSI a fuskar agogon, wato bar 3 zuwa kusan 3 da rabi. In aka kashe inji kuma, bayan minti biyar kada allurar ta sauka ƙasa da 21, in ta zube nan da nan akwai abin da ke yoyo, ko a cikin famfon, ko a regileta mai daidaita firesha, ko a nozul. A auna da sanyi, a sake aunawa bayan mota ta yi zafi sosai, tunda cutar taka da zafi take fitowa. Abin da na ƙi jini shi ne gwajin bakin hanya, a zare tiyo a tayar, fetur ya yi tsartuwa a ce ai famfo lafiya lau, ko a toshe bakin tiyon da babban yatsa a ce firesha ta yi ƙasa. Famfon da ya gaji ma yana watsa mai in ba abin da ya tare shi. Yatsa kuma ba ya bambanta 30 da 48, alhali tsakanin waɗannan lambobi biyu ne mota ke rayuwa ko ta mutu. Ga fetur ana fesa shi a kan inji mai zafi. In a Daura ba ka sami mai agogon ba, ka shigo Katsina a auna maka, a kuma sa kwamfuta. In kwamfutar ta fitar da lambar P0335, tana nuna sensar kiranshaf ne. P0171 tana cewa mai ya yi wa iska kaɗan, amma a Corolla sau da yawa dattin sensar iska ke kawo ta, kada a ɗora wa famfo ita kaɗai. Kuɗin wannan awo bai kai kuɗin famfo ɗaya na banza ba.

To a ce an auna, famfon ne. Sai saye, kuma a nan ma akwai rami. Abin da ke cikin tankin ba famfo kaɗai ba ne, gida ne guda na farar roba. A cikinsa akwai ɗan injin, akwai filta, akwai regileta mai daidaita firesha, a gefe ga hannun gejin mai da abin da ke iyo a kan fetur, a gindi kuma ga rariya. Za a yi maka tayin abu biyu: ko ɗan injin kaɗai sabo a kwali, ko gidan gaba ɗaya ɗan Kwatano. Ni in zan zaɓa wa wanda zai yi aikin da kansa karon farko, gidan gaba ɗaya mai lamba daidai da motarsa ya fi masa sauƙi, don ba sai ya farke robobin da suka tsufa ba. Amma ɗan Kwatano sai an duba. Wanda ya daɗe a bushe a shago, tsohon man da ke cikinsa ya daskare ya zama danƙo, warinsa ma daban ne, kamar na tsohon fenti. Rariyarsa in ta yi baƙi, ka san irin rayuwar da ya yi. Ka yi sharaɗi da mai shago cewa in agogo bai nuna firesha daidai ba za ka dawo da shi.

In ɗan injin kaɗai za ka saya, Denso da Aisan su ke yi wa Toyota na asali, Bosch ma yana da kyau, sai dai kwalayen jabu masu ɗauke da waɗannan sunaye sun cika kasuwa, daga shagunan Katsina har Ƙofar Ruwa ta Kano. In farashin ya yi daɗin da ya wuce hankali, araha ba ta ado. Ka tafi da lambar shasi, in da hali ka tafi da tsohon a hannu, a jera su: tsayi ɗaya, kauri ɗaya, bakin fitar mai ɗaya, soket ɗaya. Maganar “duk ɗaya ne, zai shiga” ita ke sa a dawo ana yanke waya ana cusa roba. Kada ka baro shagon sai da sabuwar rariya da sabuwar robar bakin tanki. In filtar cikin gidan ba a taɓa canja ta ba, ita ma ka haɗa.

Yanzu maganar da na fi so ka riƙe. Fetur ba ruwansa ke kama wuta ba, tururinsa ne, kuma yana fitar da tururin nan ko a tsakiyar sanyin hunturu, balle a bazarar Daura da zafi ke haura digiri 40. Tururin ya fi iska nauyi. Ba ya tashi sama ya watse, ƙasa yake bi kamar ruwan wanki da aka zubar a tsakar gida, ya nemi gangara, ya shige ƙarƙashin ƙofa, ya taru a kwata. Kai kana cikin mota kana aiki, shi ya isa murhun da uwargida ta bar garwashi a ciki, ko rishon maƙwabta, ko janareton da wani ya tayar a bayan katanga. Wutar kuma ta kan hanyar da ya bi take dawowa, har bakin tankin da kanka yake kai. Gidajenmu masu katanga da zaure da kicin a tsakar gida ba wurin wannan aiki ba ne. Ka fitar da motar fili, cikin inuwa, inda iska ke wucewa, nesa da mai shayi, mai tsire da mai walda. Da sassafe, inji a sanye. Ƙofofi huɗu a buɗe. Yara a kore su, kuma a sa babba ya tsare su, don ba abin da ke jan yaro kamar a ga an cire kujerar mota.

Ka ajiye abin kashe gobara mai hoda kusa da hannunka, da bokitin yashi. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, ɗaukarta yake yi ya yaɗa. Ba sigari, ba ashana, ba fitilar da ake jonawa da batir, ba wani abin aiki mai lantarki. Lokacin hunturu akwai ƙarin haɗari da mutane ba sa kawowa a rai. Wannan ɗan tartsatsin da ke cizon yatsanka in ka taɓa ƙofar mota bayan ka sauko, ya isa ya tayar da tururin fetur. Ka sa rigar auduga, ba rigar ƙwallo ko yadin roba ba, kuma duk lokacin da za ka kai hannu bakin tanki ka fara dafa ƙarfen jikin motar. Kada ka yi aikin kai kaɗai. In ka ji kanka ya fara sarawa ko jiri, ka fito ka sha iska, aikin ba gudu zai yi ba.

Ka bari mai ya sauka zuwa kwata ko ƙasa da haka kafin ranar. Tankin Corolla lita 50 yake ci, in ya cika ka buɗe saman, cikin motarka zai malalo. Ka kama gaban kujerar baya ka fizge ta sama, ƙugiyoyi biyu ne ke riƙe da ita. Za ka ga faranti da aka manne da baƙin danƙo, ka ɗaga shi a hankali. Ka ɗauki hoton yadda komai yake tun yanzu, sannan ka kai wayar nesa ka ajiye. Ka zare soket ɗin famfo, ka tayar da mota ka bar ta ta mutu da kanta, ka sake murɗawa sau ɗaya ko biyu. Wannan ke sauke fireshar da ke cikin layi, in ba haka ba kana zare tiyo zai fesa maka a ido. Sai ka kashe, ka cire kan batir na baƙar waya ka kawar da shi gefe, ka buɗe murfin tanki ya yi numfashi.

Kada ka kwance komai tukuna. Dubi saman famfon. A motocinmu za ka same shi lulluɓe da jar ƙura da yashi, wani lokaci har da ɓawon gyaɗa da kashin ɓera. Duk wannan yana jiran ka buɗe ne ya zuba ciki. Ka share da burushi, ka goge da ɗanyen tsumma, ka sake gogewa har robar ta fito fara. Minti goma da za ka ɓata a nan sun fi duk sauran aikin amfani ga sabon famfon. Bayan haka ka naɗe bakin tiyo da tsumma, ka zare ɗan makullin roba da ke riƙe da shi, ka ja tiyon a miƙe da hannu. Kada ka sa filaya ko ka banƙare da sukudireba, bakin roba ne, in ya karye ka sayi gidan gaba ɗaya ko ba ka so. Makullin nan ka sa shi a aljihu, ƙarami ne, shi kaɗai ke hana tiyon fita a kan hanya.

Wasu gidajen ƙananan notuna ne ke riƙe da su a kewaye, wasu kuma babban zobe ne da ake murɗawa, kamar na Peugeot 406. In zobe ne ba ka da abin kwance shi, ka sa guntun itace mai tauri ka riƙa bugawa a hankali kana zagayawa. Kurfi da guduma, ƙarfe kan ƙarfe a bakin tanki, shi ne abin da ba a yi. Ka yi alama da alli inda gidan ke fuskanta. Sai ka ɗago shi sannu, in ya zo rabi ka karkata shi don hannun geji ya fito ba tare da ya lanƙwashe ba. Siririn ƙarfe ne, in ya tanƙware gejinka ya fara ƙarya ke nan. Gidan yana ɗauke da mai, ka tara roba ka fita da shi daga motar, ka rufe bakin tankin da tsumma mai tsabta.

Kafin ka taɓa sabon, ka tsaya ka karanta tsohon, don shi zai gaya maka abin da ya kashe shi. Rariyar da ta fito daga kamfani fara ce. In taka ta zama baƙa, ka matsa ta da yatsa ka ji tsakuwa-tsakuwa, ko ka ga jan laka ya cika ninkinta, famfon yunwa ce ta kashe shi, yana ja ba ya samu. Ka kunna tocila mai rufaffen kai daga nesa, ka zo ka haska cikin tankin. Ruwa ya fi fetur nauyi, za ka gan shi a ƙasa yana gangarawa dunƙule-dunƙule, yashi kuma kwance a lungu. In ka ga haka, sai an kwashe. Da famfon hannu na roba za a zuƙe zuwa jarka, sannan a goge gindin da tsumman da ba ya zubar da zare. Kada ka ja da baki, fetur in ya shiga huhu illa yake yi babba. In laka ta yi yawa ko tankin ya yi tsatsa, aikin ya wuce na gida, sai an sauke shi an wanke.

Daga ina dattin yake? Yawanci daga galan. Ba na zargin mai neman abincinsa, kuma na san akwai ranar da in ba ɗan bumburutu ba sai dai ka kwana a hanya. Amma man da ya bi jarka uku, ya sha ƙurar bakin titi, aka tace shi da tsohon ƙyalle, ba daidai yake da na gidan mai ba. Gidan man ma ba a rantse masa, da damina ruwa kan shiga rumbunsa na ƙasa, kuma ba a manta da fetur mai yawan metanol da aka shigo da shi ƙasar nan a farkon 2022 ba, wanda ya kwantar da motoci da yawa. Ɗaya abin da ke kashe famfo kuma shi ne tafiya da jar fitilar mai a kunne. Tun da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, mutane da yawa lita uku, lita biyar suke sha, allura ba ta ɗagawa daga ƙasa. Ana cewa wai in mai ya yi ƙasa ne famfo ke jan datti. Ba haka ba ne, famfo kullum daga gindin tanki yake sha ko a cike yake. Illar ita ce ɗan man da ya rage saurin zafi yake yi, kuma duk kwana ko ramin da ka faɗa sai ya gudu gefe, famfon ya ja iska ya juya a bushe. Na san halin da ake ciki, malamin makaranta ba ya cika tanki duk mako. Amma man da za ka ƙona ɗaya ne ko daga kwata kake ƙarawa ko daga ƙasa. Sau ɗaya za ka daure ka kai shi kwata, daga nan ka ɗauki kwatan a matsayin ƙarshen tankinka.

In ɗan injin kaɗai za ka canja, ka shimfiɗa tsumma mai tsabta a kan tebur a waje, ka jera kayan bi da bi yadda kake cire su. Kunnuwan robar gidan sun sha shekara ashirin a fetur, ɗagawa kaɗan suke so, ba banƙarewa ba. A bakin famfon akwai ƙaramin zoben roba, wani lokaci da ɗan abin tokare a ƙarƙashinsa. Wannan zobe in ya tsage ko ya zauna a karkace, famfon zai riƙa mayar da mai cikin tanki, mota ta yi wuyar tashi, ka ce an sayar maka da jabu alhali zoben ne. Ka shafa masa fetur mai tsabta ko ɗigon baƙin mai sabo kafin ka tura. Rariya ta shiga har ƙarshe, ɗan maɓallin da ke riƙe ta ya kama.

Abu uku ba sa shiga tanki ko da wasa. Salatif ɗin waya, gam ɗin gasket, da tiyon mai na waje. An taɓa kawo mana wata mota da aka haɗa wayar famfonta da murɗi aka naɗe da salatif. Fetur ya narkar da shi ya zama baƙin kunu ya toshe rariya, wayoyin biyu kuma tsirara suna lilo kusa da juna. Allah ne kawai ya tsare mai ita. In soket bai dace ba, famfon ne ba na motar ba, ka mayar. Tiyo kuwa, wanda ake sawa a waje cikinsa kaɗai ke jure fetur, in aka nutsa shi bayansa kumbura yake yi ya ruɓe. Na cikin tanki daban ne, a jikinsa ake rubuta 30R10. Kuma kada ka gwada famfo ta hanyar ɗosana wayoyinsa a kan batir kusa da motar ko kusa da robar mai. Tartsatsi yake yi, shi kuma juyawa a bushe cinye shi take yi.

Mayarwa sai a bi sawu. Sabuwar robar baki ta zauna daram ba murɗewa, hannun geji ya fara shiga, alamar allinka ta dace. Notunan ka kama su duka da hannu tukuna, sannan ka riƙa ɗaurewa ɗaya nan ɗaya can a tsallake, kaɗan-kaɗan, ƙanana ne ba sa son ƙarfi. Ka tura tiyo har ƙarshe, ka sa makullinsa, ka ja shi baya da hannu ka tabbatar ya kama. Ka jona soket, ka kwashe tsummokaran da suka sha mai ka shanya su a fili nesa da wuta, ka bar motar a buɗe warin ya fita, sannan ka mayar da kan batir. Za ta ɗan ja lokaci kafin ta kama tunda layin ya bushe, ka murɗa na 'yan daƙiƙu ka huta, kada ka maƙure makulli. In ta tashi, kada ka rufe faranti. Ka bar ta tana aiki, ka zagaya bakin tiyo da kewayen gidan da busasshiyar takarda, ko ɗigo ɗaya ka gani ka kashe ka gyara. Ka duba allurar geji ta koma inda take kafin aikin.

Akwai yoyon da ba ya nuna kansa sai tanki ya cika, na robar baki. Don haka ranar da ka fara shan mai da yawa, ka sake ɗaga kujerar ka duba, ka sansana. Warin fetur a cikin mota bayan kwana biyu ba saura ba ne, yoyo ne, kuma a kan wannan kujera iyalinka ke zama. In da hali ka koma a sake sa agogo, ka ga 44 zuwa 50 da idonka.

In bayan duk wannan wani ya ce a ja wa famfo waya kai tsaye daga makulli don a huta da rile, kada ka yarda. An tsara kwamfutar motar ta yanke wa famfo wuta da zarar inji ya tsaya. In aka yi haɗari tiyo ya fashe, famfon da aka yi wa haɗin kai tsaye zai ci gaba da feso mai har sai an zare makulli, a lokacin da mai zarewar wataƙila ba ya cikin hayyacinsa.

Ga masu wasu motocin da za su karanta wannan: Camry ta 2002 zuwa 2011 ita ma ƙofarta tana ƙarƙashin kujerar baya, Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 da Golf 3 kuwa ta cikin but ake shiga, ƙarƙashin shimfiɗa. Waɗannan duk hanyar da na bayyana ce, sai dai kowace da lambar firesharta. Amma in ka ɗaga kujera da shimfiɗar but ba ka ga ƙofa ba, kamar yadda yake a yawancin motocin a-kori-kura, to sai an sauke tanki, kuma ban yarda a yi wannan a gida ba. Lita ɗaya ta fetur ta kai kashi uku cikin huɗu na kilo, rabin tanki ma kaya ne mai rinjaya yana kai-komo, ga mutum kwance a ƙarƙashi, ga jak a kan yashi. Kada kuma a yanka ƙasan mota don a yi wa famfo ƙofa, tankin yana manne da wurin. Haka motocin da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda, waɗanda ake rubuta wa D-4, FSI ko GDI, suna da famfo na biyu a kan inji wanda fireshar layinsa ke iya haura bar 100, tana iya huda fata. Waɗannan a kai su gareji mai rami da kayan aikinsu.